An ɗage aikin ƙashin bayan mahaifiyarmu da wata uku: shin jinkirin yana da amfani?

'Yar Autar Hajiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙashin baya, likitoci ne ko waɗanda suka taɓa jinya. Mahaifiyarmu tana da shekara 64, bayanta ya daɗe yana karkacewa yana rusunawa gaba, har ta kai ba ta iya tsayuwar girki sai ta dafa wani abu, ga kuma ciwon da ke sauka mata a ƙafar hagu. An yi hoto, an ce gaɓoɓin ƙashin ne suka zaizaye suka goce, kuma abin da ya rage shi ne a miƙar da bayan a ɗaure shi da sandunan ƙarfe da kusoshi tun daga tsakiyar baya har ƙugu, domin gaɓoɓin su haɗe su zama ƙashi guda. Mun haɗa kuɗin aikin da ƙyar, sai likitan ya ce ba zai taɓa ta ba sai bayan wata uku, domin suganta ya hau, jininta ya yi ƙasa, ƙashinta kuma ba shi da ƙwari. Yayyena maza sun fusata, suna ganin ja mana rai ake yi alhali tsohuwa tana shan wahala. Shin wannan jira yana da tushe? Kuma me za mu yi mu 'ya'yanta domin kada aikin ya zo da matsala?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni a ganina, idan kuna da hali ku fita da ita Masar ko Indiya. A can mutum yana sauka za a yi masa gwaje-gwaje, cikin mako guda an shiga da shi ɗakin tiyata, babu je-ka-ka-dawo. Wata uku ba wasa ba ne ga wanda ciwo ya hana barci, kuma kuɗin da aka tara kullum darajarsa raguwa take yi.

Likitan Ƙashi:
Allah ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, ban ga hotunanta ba, don haka likitan da ya duba ta shi ne mai yanke hukunci, amma daga abin da kika zayyana ina tare da shi ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗi dalili.

Wannan aiki yana cikin mafiya nauyi a dukan tiyatar ƙashi. Yakan ɗauki awa shida ko fiye mara lafiya yana kife, kuma ana iya zubar da jini lita ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, alhali jinin babban mutum gaba ɗaya kimanin lita biyar ne. Wani bincike da manyan cibiyoyin Amurka suka fitar a 2016, wanda ya bi mutum 291 tsawon shekara biyu bayan irin wannan aiki, ya samu cewa kusan bakwai cikin goma sun gamu da aƙalla matsala ɗaya, ƙarama ko babba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka sake mayar da su ɗakin tiyata. Wannan a wuraren da ba a rasa kayan aiki ba ke nan. Ban kawo alƙaluman don in tsorata ku ba, domin yawancin waɗannan mutane sun samu sauƙin da ba su samu ba ta wata hanya. Na kawo su ne domin a gane cewa duk abin da za a iya gyarawa kafin wuƙa ta taɓa jiki, gyara shi wajibi ne.

Abin da dangi ba su cika ganewa ba shi ne, ba ƙarfen ne yake warkar da bayan ba. Ƙarfen tamkar katakon da magina ke tokare rufin kankare, wato dakin, da shi ne kafin kankare ya kama: aikinsa ya riƙe gaɓoɓin kada su motsa har ƙashin da aka dasa a tsakaninsu ya tsiro ya haɗe su, abin da kan ɗauki wata shida zuwa shekara guda, a tsofaffi ma har fiye. Idan ƙashin bai haɗe ba, nauyin jiki zai ci gaba da lanƙwasa sandar a kowane taku, sau dubbai a yini, har ta gaji ta karye, ko kusoshin su saki. Saboda haka tambayar da likita ke yi wa kansa ita ce: shin jikin nan zai iya gina ƙashi kafin ƙarfe ya gaji?

Abubuwa ukun da ya ambata duk a nan suke taɓawa. Suga idan ya hau yana raunana garkuwar jiki, ciwon ɗinki ya ƙi kamewa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a jikin ƙarfe, inda magani ba ya isa gare su da sauƙi. Ba gwajin yatsa na safe ake dubawa ba, akwai gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, mai suna HbA1c, kuma yawancin likitocin baya suna son ya sauka ƙasa da 7.5 ko 8. Shi ya sa kika ji an ce wata uku, domin kafin nan gwajin ba zai nuna sauyin gaskiya ba. Ƙarancin jini kuwa, mace da ke ƙasa da 12 a awon himogulobin, wato sinadarin da ke nuna yawan jini, tana cikinsa, kuma ya fi kyau a ɗaga shi da maganin ƙarin jini da abinci tun yanzu a kan a dogara da ledojin jini ranar aiki. Na ukun, wato zaizayewar ƙashi, shi ne ya fi damuna ga mace mai shekarun Mama, domin kusa ba ta kama ƙashi mai laushi. Ana aunawa da na'urar Deksa, kuma maki -2.5 ko ƙasa da haka yana nufin cutar ta tabbata. Za a duba bitamin D, wanda yakan yi ƙaranci ga iyayenmu mata masu yawan zaman ɗaka ko da rana tana dukan rufin gidan, a ba da shi tare da kalsiyam, sannan a fara maganin ƙarfafa ƙashi. Mafi inganci a nan allurar teriparatayid ce ta kullum, mai sa jiki ya gina sabon ƙashi, sai dai tana da tsada kuma tana buƙatar firji.

Abu ɗaya ne zai rusa wannan jira: idan ƙafafunta suka fara mutuwa da sauri, ko ta kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ta daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi. Wannan alamar an shaƙe jijiyoyi ne, kuma a ranar za a koma asibiti.

Baban Yara:
Likita, ranka ya daɗe, na ji bayaninka, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Su likitocin waje ba su san duk wannan ba ne? Ai su ma ƙwararru ne, kuma kayan aikinsu ya fi namu.

Likitan Ƙashi:
Sun sani sarai, Alhaji, kuma nagartattun cikinsu su ma za su ce a dawo bayan suga ya sauka. Matsalar tana ga tsarin tafiyar: an biya kuɗin jirgi da masauki, biza tana da wa'adi, dangi suna ƙirga kwanaki, sai kowa ya karkata ga a yi a gama. Ban hana kowa fita ba, domin akwai ayyukan da ke buƙatar na'urar sa ido kan laka yayin tiyata da na'urar tace jinin da ya zuba a mayar wa mutum, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. Duk inda za a yi, a tambaya ko akwai su, a tambaya ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini, a kuma tambayi likitan sau nawa yake irin wannan aiki a shekara. Wanda zai fita kuma, ya fara samun likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi, ya dawo da rahoton aikin da sunan kamfanin ƙarfen da aka sa masa, domin kusoshin kowane kamfani da irin makullin da ke kwance su. Kada kuma a hau jirgi na dogon zango da wuri ba tare da izinin likita ba, saboda daskarewar jini a ƙafa. Da yawa daga cikin matsalolin wannan aiki bayan an dawo gida suke fitowa, lokacin da wanda ya yi aikin yana wata ƙasa.

Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Ni an yi mini wannan aiki, saboda ƙusumbin da tarin fuka na ƙashin baya ya bar mini tun ina saurayi, wanda ya riƙa ƙaruwa da na manyanta. Abin da nake so in ja hankalin maza a kai shi ne taba. An ce in daina kafin aiki, na daina, amma da na koma tasha cikin abokai sai na koma mata, a tunanina tunda ɗinki ya warke magana ta ƙare. Ana nan wata rana na ji ƙara a bayana kamar an karya abu, ciwo ya dawo sabo, hoto ya nuna sanda ɗaya ta karye a ƙasan baya inda ƙashin bai haɗe ba. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. 'Yata, ki gaya wa yayyenki sauri kan haifi nawa. Su yi haƙuri da wata ukun nan.

Likitan Ƙashi:
Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Abin da ya same ka sananne ne tun da daɗewa. Wani bincike na 1986 ya samu rashin haɗewar ƙashi a kashi 40 cikin ɗari na masu shan taba, alhali a marasa sha kashi 8 ne kawai. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashi ke rayuwa da su, don haka shisha da garin taba na baki ko na hanci duk hukuncinsu ɗaya. A daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki, kuma kada a koma. Wurin da sandarka ta karye, mahaɗar gaɓa ta ƙarshe da ƙashin ƙugu, shi ne ya fi ko'ina wuyar haɗewa, shi ya sa yanzu ake zurfafa kusoshi cikin ƙugu, wani lokaci a jera sanda uku ko huɗu maimakon biyu. Ga masu tarin fuka na baya kuma, wanda muke gani da yawa a Arewa, dole a sha maganin tarin har ƙarshe, wata 9 zuwa 12, domin tiyata ba ta kashe ƙwayar cutar.

Sista Mai Ritaya:
Ni ɓangaren jinya zan yi magana, domin a nan ne dangi suke gyarawa ko su ɓata. Tun yanzu, 'yata, ki kula da cimar Mama. Tsofaffinmu da yawa a kan koko da tuwo suke rayuwa, jiki ya yi ƙiba amma babu abin gina nama, kuma idan albumin, wato sinadarin gina jiki da ake aunawa a jini, ya gaza 3.5 ɗinki ba ya kamewa yadda ya kamata. Ƙwai, wake, kifi, nono marar suga, awara, zogale da alayyahu, duk suna kusa da mu. Idan tana da ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon sanyin fitsari, ko ƙurji a fata, a magance shi kafin ranar. Ku kwashi duk magungunan da take sha, har da jiƙo da garin gargajiya da abin da ake saya a kemis, ku zube wa likitan allurar barci a gabansa, domin wasunsu suna tsinka jini kuma akan so a dakatar da su mako biyu kafin aiki. A daren aiki da safiyarsa ta yi wanka da sabulun da asibiti ya ba da, kuma kada kowa ya sa reza a bayanta, domin ƙananan yankan reza ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana aski da reza a ƙa'idojinta na 2016.

Bayan aiki, babban abin da nake roƙo shi ne a rage 'yan dubiya. Na san zumunci ne, amma ɗaki ya cika da mutum, wannan ya zauna a bakin gado, wancan ya ɗaga bandeji ya ga ɗinki, wata ta zo da man shafawa, wannan ba alheri ba ne ga mai ƙarfe a jiki. Duk mai taɓa ta ya wanke hannu da sabulu. A riƙa juya ta duk bayan awa biyu, kafaɗa da ƙugu su juya tare a lokaci guda, domin kada gyambon kwanciya ya kama ta. Ta riƙa jan dogon numfashi tana tari saboda ciwon huhu, a cire robar fitsari da zarar an ce a cire, a kuma nemi maganin taurin bayan gida tun da wuri, domin magungunan ciwo masu ƙarfi suna tsayar da hanji. Idan kuka ga ta rikice da dare tana sambatu ko ba ta gane ku, ku kira ma'aikata. Wannan ruɗewa ce da ke samun tsofaffi bayan babban aiki, kuma sau da yawa akwai zazzaɓi, ƙarancin iska ko magani a bayanta.

Uwar Biyu:
Sista, ni abin da ban yarda da shi ba shi ne tayar da mutum washegarin aiki. Ƙanwar mahaifina an yi mata aikin baya, tana kuka aka tsayar da ita. Mu da muka sani, wanda aka yi wa ɗori kwanciya yake yi har ƙashi ya kama. Ta yaya za a tsaga bayan tsohuwa jiya a ce ta taka yau?

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, tausayinki a wurinsa yake, amma kwanciyar ce ke kisa. Maɗori yana hana motsi ne domin karan da ya ɗaura daga waje suke, su kuwa waɗannan kusoshi a cikin ƙashin suke, sun riga sun riƙe shi. Mutum idan ya kwanta kwanaki, jini yana daskarewa a jijiyoyin sharaɓa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana iya ɗauke rai cikin mintuna. Don haka muke zaunar da mara lafiya a bakin gado a rana ta farko ko ta biyu, mu tsayar da shi da abin dogarawa, tare da safar matse ƙafa da allurar hana daskarewar jini idan likita ya ga lokacinta ya yi. Kukan da kika gani yana nufin a ba da maganin ciwo kafin a tayar da ita.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne abubuwa uku a wata ukun farko: sunkuyawa, murɗa jiki, da ɗaukar abin da ya wuce kilo huɗu zuwa biyar. Idan aka duba rayuwar gidajenmu, kusan komai a ƙasa muke yinsa. A ƙasa ake kwana, a ƙasa ake cin abinci, tsintsiyarmu gajeriya ce, masai na tsuguno ne, ga wanki, ga daka, ga ɗaukar bokiti, ga jika da zai rugo a ɗauke shi. Wata ukun nan da aka ba ku, ku shirya gidan a cikinsu: gado mai tsayin da ƙafarta za ta taɓa ƙasa tana zaune, katifa mai tauri, kujera mai hannu da za ta dafa ta miƙe, kujerar bahaya da ta wanka, a ɗauke ledar ƙasa mai santsi da duk abin tuntuɓe, a sa fitila a hanyar banɗaki. Faɗuwa ɗaya tana iya ɓalle kusoshin sama. Babur kuwa a manta da shi, adaidaita sahu ma a kan hanya mai ramuka ba abin shiga ba ne. Tun yanzu ta fara tafiya kaɗan-kaɗan safe da yamma gwargwadon iko, domin ƙarfin cinyar da ta shiga asibiti da shi, shi za ta tashi da shi.

'Yar Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa yayyena bayanan nan. Sai dai na san halin Mama: duk abin da za a ce za ta bi, ban da a ce kada ta yi sujada. Yaya za mu yi da wannan?

Malamin Islamiyya:
'Yar'uwa, shari'a ta riga ta yi mata sauƙi. A cikin Sahihul Buhari, Imrana ɗan Husaini ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla saboda rashin lafiyar da ke damunsa, sai ya umarce shi ya yi a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Mama za ta zauna a kujera ta yi nuni, nunin sujada ya ɗan fi na ruku'u ƙasa, ba tare da ta tilasta wa bayanta ba, kuma ladanta cikakke ne in sha Allahu. Wajen alwala a wanke mata ƙafa, idan ruwa zai cutar da ita ta yi taimama. Ku samu malamin da take girmamawa ya faɗa mata da bakinsa kafin aiki, domin tsofaffi ba su cika karɓar fatawa daga 'ya'yansu ba.

Likitan Ƙashi:
Malam ya taimaka mana, domin sunkuyawar sujada tana ɗora nauyi daidai inda muke jin tsoro. Akwai matsalar da ke faruwa a saman ƙarfen, inda sashen da aka ɗaure ya haɗu da sashen da ke motsi. Gaɓar da ke wurin takan murƙushe ko ta lanƙwashe gaba, sai a ga sabon doro ya fito a sama da inda aka gyara. Ana ganin wannan matsala a hoton kimanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin, yawanci a watannin farko, ko da yake kaɗan ne daga ciki suke kai ga sabon aiki. Rigakafinta rabi yana hannun likita: kada ya miƙar da bayan 'yar shekara 64 kamar na 'yar shekara 25, ya zaɓi gaɓar da zai tsaya a kai da kyau, ya kiyaye jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓin sama, wani lokaci ya ƙarfafa su da simintin ƙashi. Sauran rabin kuwa maganin ƙashin nan ne da za ta fara yanzu, ta ci gaba da shi bayan aiki. Ki sani kuma tun yanzu, wanda aka ɗaure wa baya har ƙugu ba zai koma lanƙwasa shi kamar da ba, daga kwatangwalo zai riƙa sunkuyawa, kuma ya kamata a faɗa wa Mama wannan kafin ta sa hannu.

Tsohon Direba:
Likita, ina da tambaya don amfanin kowa. Idan ciwo ya taso a gida, mutum yakan aika kemis a haɗo masa magani. Akwai laifi a ciki?

Likitan Ƙashi:
Akwai babban laifi, Baba. Haɗin kemis na ciwon jiki yawanci yana ɗauke da diklofenak ko ibuprofen, sau da yawa har da deksametason ko firedinisolon. Diklofenak da ibuprofen, idan aka sha da yawa a makonnin farko, suna iya rage haɗewar ƙashi, ga illa ga ƙoda da gyambon ciki a jikin tsoho. Deksametason da firedinisolon kuwa suna cinye ƙashi, suna tayar da suga, suna kuma danne zazzaɓin da zai nuna mana ciwo ya ruɓe. A tsaya kan parasitamol da abin da likitan ya rubuta, tiramadol da danginsa kuma a riƙa rage su bisa tsarinsa har a rabu da su. Haka nan kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta don an ga ɗinki yana ruwa, domin zai ɓoye cutar a jikin ƙarfe ya kuma ɓata gwajin da za a yi. Ruwa ko mugunya daga ɗinki, zazzaɓin da ya kai 38, ruwa garai-garai tare da ciwon kai da ke tsananta idan an tashi zaune, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, sabon rauni a ƙafa, ko ƙara irin wadda ka ji, kowanne daga cikinsu asibiti ne a ranar. Zazzaɓi musamman kada a yanke cewa maleriya ce a sha magani a zauna, a bari wanda ya yi aikin ya ga ɗinkin. Ko da babu abin da ke damunta, ta je a duba ta a mako na biyu da na shida, a wata na uku, na shida da na goma sha biyu, sannan a shekara ta biyu, kuma hoton da za a ɗauka ya zama na dukan bayan tana tsaye, a riƙa ajiye su a jaka guda domin a gwada sabo da tsoho.